Kwarin Kocela Da Ƙadangarensa Mai Iyo Cikin Rairayi

 Yau labarin wani kwari zan ba ku, can cikin hamadar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, inda wani ɗan ƙadangare da bai kai ƙafa guda ba ya sa attajirai masu gina gidaje suka zauna teburin sulhu ba da son ransu ba. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, duk labarin da ke duniya ki rasa na ba mu sai na ƙadangare?" To, ki yi haƙuri ki karanta tukuna.

Sunan wurin Kwarin Kocela, su kuwa mutanen ƙasar suna rubuta shi Coachella. In mutum ya tashi daga birnin Los Angeles ya nufi gabas a mota, bayan tafiyar kusan mil 100 sai ya iske hanya ta kutsa tsakanin waɗansu manyan duwatsu biyu. Na hagu shi ne San Gorgonio, tsayinsa ya zarce ƙafa 11,000, na dama kuwa San Jacinto, shi ma ya zarce ƙafa 10,000. Da an wuce wannan mashigi sai ƙasa ta buɗe, kwarin ya miƙe kudu maso gabas kamar mil 45, yana gangarawa a hankali har ya ƙare a wani tafkin gishiri da a ke kira Salton, wanda ya ke ƙasa da bakin teku da fiye da ƙafa 200. Duwatsun nan su ke tare hadarin da ke tasowa daga teku, don haka ruwan sama bai cika isowa ba. Garin Indio ba ya samun abin da ya wuce kamar inci 3 a shekara, alhali Kano takan sami wajen inci 30. Zafi kuwa sai wanda ya gani. A ranar 5 ga Yuli, 2024, ma'auni ya nuna digiri 124 na Farenhait a garin Palm Springs, watau 51 ke nan a ma'aunin da mu ke koyar da yara da shi.

Mu a watan Afrilu muka je, ni da waɗansu malamai mata da aka kai mu ziyarar makarantu, lokacin zafin bai tsananta ba, har akwai sauran ƙanƙara fari fat a bisa kan duwatsun. Abin da ya fara tarye mu iska ce. Iskar mashigin nan ba ta da dama, tana bugun mota kamar za ta kifar da ita, kuma ko'ina ka duba manyan fankoki ne farare a tsaye bisa dogayen turaku suna juyawa, da su a ke samun wutar lantarki tun cikin shekarun 1980. Ku riƙe zancen iskar nan, gama duk labarin a kanta ya rataya.

Akwai wani keken igiya da aka buɗe a 1963, yana ɗaukar mutane daga gindin dutsen San Jacinto har ƙafa 8,500. Daga can bisa a ke ganin kwarin sarai, kamar an shimfiɗa zane. Garuruwa tara ne a jere, sun haɗe da juna har ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya soma. Tituna a miƙe kamar an ja da rula, gidaje masu jan rufi, bayan gida da yawa akwai ɗan kududdufin wanka shuɗi. Ga kuma filaye kore shar na wasan golof, wanda waɗansu ke kira ƙwallon lambu, fiye da 100 cikin wannan kwari guda, kowanne ana ba shi ruwa kullum kamar lambun albasa. Daga gefen arewa sai ka hango 'yan wurare farare, nan guda can guda, kamar gari ya zube a tabarma. Wannan shi ne abin da ya rage na tuddan rairayin da dā suka rufe tsakiyar kwarin.

Asalin mutanen wurin su ne ƙabilar Kahuwiya, waɗanda suka zauna nan shekaru aru aru kafin Turawa, suna haƙa rijiyoyi, suna cin 'ya'yan itatuwan jeji. Har yanzu suna nan, wani yanki na garin Palm Springs ma ƙasarsu ce. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Indio a 1876. Daga baya manoma suka lura yanayin wurin ya yi kama da na Sahara, sai aka shiga kawo 'ya'yan dabino daga Aljeriya da Masar da Iraƙi a farkon ƙarni na 20. Dabinon nan mai girma mai laushi da a ke kira majhul, wanda ku ke gani a kwali lokacin azumi, wanda a ke nomawa a Amurka ya samo asali daga 'ya'ya 11 da wani masanin tsiro, Walter Swingle, ya ɗauko daga Maroko a 1927. Sha'awar ƙasashen Larabawa ta kama su har suka raɗa wa wani ƙauyensu suna Makka. Suna kuma dama dabino da madara mai ƙanƙara su sayar a kofi. Na sha, akwai daɗi, amma zaƙinsa ya yi mini yawa, rabin kofi ya ishe ni. Sa'an nan wajen 1949 aka gama wata doguwar hanyar ruwa, fiye da mil 120, ta kawo ruwan kogin Kolorado. Gonakin inabi da lemo da kayan miya suka yaɗu a kudancin kwarin, inda yawancin masu aikin gona mutanen Meziko ne da 'ya'yansu. A arewacin kwarin kuwa masu kuɗi da 'yan wasan fim suka mai da wurin masaukinsu na lokacin sanyi, aka buɗe babban filin golof na farko a 1951. Tun daga nan gini bai tsaya ba.

To, bari mu zo ga mai gayya.

Ƙadangaren nan duk duniya ba inda a ke samunsa sai wannan kwari. Tsawonsa da wutsiya inci 6 zuwa 9. Bai da jan kai irin na namu mai hawan katanga, launinsa fari ne mai toka toka, da ɗigo ɗigon baƙi a gadon baya, in ya kwanta bisa rairayi ko kin taka kusa da shi ba za ki gan shi ba. Masana suna kiransa Uma inornata, kalma ta biyun ma'anarta marar ado, domin 'yan'uwansa na sauran hamadun suna da wani baƙin tabo babba a gefen ciki, shi kuwa ba shi da shi. Ni dai na ga an ƙware shi a wannan suna, gama lokacin aure gefen jikinsa yakan yi ja ja kamar an shafa jan baki.

Ikon Allah yana ga yadda aka gina jikinsa. A yatsun ƙafafunsa na baya akwai waɗansu dogayen ɓawo a jere kamar haƙoran matsefi. Su ke hana shi nutsewa, sai ya riƙa sheƙa gudu bisa rairayi mai laushi inda ke da ni za mu yi ta zurmawa. In abin ya yi tsanani har yakan ɗaga ƙafafun gaba ya ruga da na baya kaɗai. In kuwa shaho ya kawo sura, sai ya soka kai cikin rairayi, ya karkaɗa jiki, kafin ƙiftawar ido ya ɓace, kamar kifi cikin ruwa. Hancinsa kamar bakin shebur ya ke. Leɓensa na sama ya rufe na ƙasa, rairayi ba ya shiga bakinsa. Fatar idonsa tana hawa kan juna, kunnensa na da marufi, kafar hancinsa kuma a lanƙwashe ta ke daga ciki, tana tare ƙwayoyin rairayi ya fyato su waje. Waɗanda suka san kulɓar rairayi ta ƙasar Agadas, mai nutso cikin jigawa, sun ga irin wannan hikima, ko da ya ke ba dangin juna ba ne.

Cikin rairayin nan ya ke kwana, nan ya ke fakewa da rana tsaka sa'ad da saman ƙasa ya ke gasa ƙafa, nan ya ke kwanciyarsa ta sanyi tun daga wajen Nuwamba har Fabrairu, nan kuma macen ta ke binne ƙwanta, biyu zuwa huɗu. Abincinsa tururuwa ne da ƙananan ƙwari da furanni da ganyen tsiron jeji, daga nan kuma ya ke samun ruwan da jikinsa ke bukata. A shekarar fari, in tsiro bai fito ba, ƙwari suka yi ƙaranci, da yawa cikin matan ba su yin ƙwai sam.

Ba kowane rairayi ya ke so ba, sai mai laushi wanda iska ta tankaɗe. Yadda a ke samunsa kuwa abin lura ne, ku 'yan makaranta ku kasa kunne, don darasin labarin ƙasa ne sosai. Sa'ad da aka yi ruwa mai ƙarfi bisa duwatsu, wanda yakan yi shekaru bai zo ba, ambaliya takan gangaro ta ƙoramu, ta kwaso tsakuwa da yashi da laka ta zube a bakin kwarin. In wurin ya bushe, sai iskar mashigin nan ta zo ta yi aikin da mu ke yi da faifai. Ta bar tsakuwa a nan, ta kwashe ƙura ta tafi da ita sama, ta riƙa tura ƙwayoyin rairayi masu laushi gaba gaba zuwa kudu maso gabas, suna taruwa tudu tudu. Tudun kuwa ba a zaune ya ke ba. Kullum iska tana ɗiba daga gare shi tana gaba da shi, kullum kuma tana kawo masa sabo daga baya. Kamar rumbu ne da a ke ɗiba a ke zubawa. Ranar da aka daina zubawa, ɗiba ba ta tsayawa, sai a wayi gari ba abin da ya rage sai fako mai tauri, wanda ƙadangaren ba ya iya nutsewa ciki.

Kowace malama tana iya nuna wa yara wannan a aji. A zuba busasshen rairayi a gefen tire, a tara ɗan tudu a tsakiya, a sa yarinya ta riƙa fifita da mafici daga gefe guda. Sa'an nan a gitta kwalin alli tsakanin rairayin gefe da tudun, a ci gaba da fifita, su ga abin da zai sami tudun.

Kwalin allin nan shi ne abin da aka yi ta gittawa a Kocela. Gidaje da gonaki da filayen wasa sun hau kan tuddan kai tsaye, wannan a fili ya ke. Amma ɓarnar da ba a gani da wuri ita ce ta tare hanya. Masu jirgin ƙasa sun gaji da rairayi yana binne musu dogo, suka dasa layin waɗansu itatuwa masu duhun ganye da a ke kira tamaris, waɗanda asalinsu ma daga Afirka ta Arewa da ƙasashen Larabawa ne. Aka shimfiɗa babbar hanyar mota mai lamba 10 ta ratsa kwarin. Aka gina katangun unguwanni, aka yi wa ƙoramu shinge don kada ambaliya ta ci gidaje. Aka kuma haƙa manyan tafkuna a bakin kogin Whitewater, inda a ke zuba ruwan Kolorado ya tsuma cikin ƙasa don rijiyoyi kada su ƙafe, su ma suka zama tarkon rairayi. Kowane ɗaya cikin waɗannan da dalilinsa mai kyau aka yi shi. Da suka taru, masana sun ƙiyasta cikin kashi 100 na mazaunin ƙadangaren nan wajen kashi 90 ko fiye sun tafi. Abin da ya rage kuma a yanke ya ke gunduwa gunduwa. Dā in fari ya ƙarar da na wani tudu, bayan damina mai kyau na makwabta sukan ƙetaro su cike gurbin. Yanzu tsakaninsu akwai titi mai layi shida da katangar siminti.

Waɗanda suka fara ƙorafi malaman jami'a ne, cikinsu har da Wilbur Mayhew na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, wanda ya daɗe yana nazarin irin waɗannan ƙadangaru. Amurka tana da wata doka ta 1973 mai kare halittun da ke bakin ƙarewa. A 1980 aka shigar da sunan wannan ɗan taliki cikin jerin dokar, daga ranar ya zama laifi a kashe shi, ko da ta hanyar turo katafila bisa gidansa ne. Nan fa ido ya raina fata. Masu filaye sun sayi ƙasa da tsada, bankuna sun ba da bashi, hukumomin garuruwa suna jiran haraji, ga shi an ce a dakata. Ya zame musu ƙadangaren bakin tulu na sosai, a kashe shi a gamu da hukuma, a bar shi a yi hasarar dukiya. An yi ta zage zage da ba'a, waɗansu suna cewa yaya za a fifita ƙadangare bisa ɗan Adam.

Daga ƙarshe aka sasanta a 1986, kuma wannan sulhu yana cikin irinsa na farko a ƙasar. Aka keɓe wurare uku da ba za a taɓa ba, mafi girma shi ne na kusa da Thousand Palms. A wancan lokaci, duk wanda zai yi gini a sauran mazaunin ƙadangaren kuwa sai ya biya dala 600 kowace eka, a haɗa da kuɗin gwamnati da na wata ƙungiya mai sayen daji don tsare shi, a sayi filayen da aka keɓe. A ganina masu ginin sun sami araha. Dala 600 ba komai ba ce wurin mutumin da zai tsai da gidaje uku ko huɗu a ekar nan, ya kuwa sami takardar izinin share sauran kwarin ba mai ce masa kanzil. Amma in ba a yi haka ba, mai yiwuwa da shari'a ta yi ta ja har rairayin ya ƙare ana gardama.

Sulhun yana da rauni guda, wanda ku da kuka yi gwajin tire kun riga kun gane. An tsare tuddan, ba a tsare hanyar da rairayi ke bi ya iso gare su sosai ba. An katange rumbu an bar gonar a hannun wani. Sai a 2008 aka yi sabon shiri babba na shekara 75, wanda ya haɗa garuruwan kwarin da hukumomin ruwa, da nufin tsare wajen eka 240,000, har da ƙoramu da mashigan iska. Wannan karo halittu iri 27 aka lissafa, da kunkurun hamada, da tumakin dutse masu manyan ƙaho, da wani tsiro mai fure shuɗi ja ja wanda shi ma sai a rairayin nan ya ke fita. Mu mun saba cewa albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. A Kocela kam albarkacin ƙadangare ne saura suka sha.

Mun je wurin da aka keɓe na Thousand Palms. Yana kan wata babbar tsaguwar ƙasa da a ke kira San Andreas, mai haddasa girgizar ƙasa a Kalifoniya, ita ce kuma ke tilasta ruwan ƙarƙashi ya ɓuɓɓugo sama. Saboda haka tsakiyar ƙeƙasasshiyar hamada sai ga kurmin waɗansu itatuwa masu ganye kamar na giginya, busassun ganyayensu sun sauko sun rufe jikinsu har ƙasa kamar sun ɗaura zane, ga inuwa mai sanyi, ga ƙanshin danshi. Tuddan rairayin kansu ba a barin baƙi su hau, daga bakin waya muka tsaya. Daga can gefe ana hango rufin gidajen wata unguwa ta tsofaffi masu hutawa, sun zo daf da iyaka.

Ko cikin wayar ma bai tsira sarai ba. Akwai wata ciyawa mai ɗan fure rawaya, dangin kabeji, da su ke kira mastad na Sahara. An fara ganinta a kwarin a 1927, ana kuwa zaton cikin kayan dabino ta shigo. A shekarar da aka sami ruwa, kamar 2005, takan riga tsiron ƙasar fitowa, ta shanye danshi, ta rufe fili, ta danne rairayin da ya kamata ya yi ta motsi. Masu aikin sa kai sukan fita su tuge ta da hannu kafin ta zuba iri, aikin da duk wadda ta taɓa cirar ƙaya a gona ta san ba shi da ƙarshe. Ga kuma turakun wuta da itatuwan ado na bakin unguwanni, sun zama wurin zaman ƙananan shaho da sauran tsuntsaye masu cin ƙadangaru, alhali dā babu abin hawa a filin. Ga samari masu hawan babura da motocin jeji, in sun sami inda waya ta yanke.

Kada kuma mu manta da matan da ke zaune a wurin. Rairayin nan da mu ke yi wa kuka, a gare su wahala ne. Yana shiga ta ƙarƙashin ƙofa, yana cika tagogi, ƙurarsa tana ta da ciwon asma, kuma sau da yawa akan rufe titunan da suka ratsa kogin Whitewater zuwa Palm Springs don rairayi ya binne su, mai zuwa aiki ko asibiti sai ta yi dogon zagaye. Wadda ta yi shara sau uku a yini lokacin hunturu ba za ta zarge su ba. A watan Agusta na 2023 guguwar da aka kira Hilary ta zubar da ruwa fiye da inci 3 a yini guda, laka ta cika gidaje a Cathedral City, aka fid da tsofaffi cikin bokitin katafila. Irin wannan ambaliya kuwa ita ce dai mai sauko da yashin da zai zama sabon tudu.

Ƙidaya su ma aiki ne, tun da ba a iya kirga abin da ke nutsewa da ya ji motsi. Wani masani, Cameron Barrows, wanda ya yi shekaru da yawa yana lura da wurin, shi da abokan aikinsa sawu su ke bi. Iskar yamma da ta dare takan share fuskar rairayin ta bar shi sumul. Da hantsi, bayan ƙadangarun sun fito shan rana da neman tururuwa, sai a bi filayen da aka auna aka kafa wa alama, a duba sawu. Na wannan ƙadangare daban ya ke da na sauran, ana kuma iya bambanta babba da ƙarami. A rubuta a littafi, gobe a komo, haka shekara da shekaru, har a ga yadda yawansu ke hawa bayan ruwa yana sauka bayan fari. Mu ma daga bakin waya mun ga sawun, 'yan ƙananan tambura biyu biyu da jan wutsiya a tsakani, sun tafi kamar taku goma sha suka yanke a gindin wani ɗan tudu, inda mai su ya nutse.